Ranar da Na Daka wa Kaka Tsawa

Shekaranjiya na manta ƙwai a kan wuta har ruwan ya ƙone, kicin ya ɗauki warin nan da kowa ya sani. 'Yata tana toshe hanci tana buɗe tagogi, ni kuwa na tsaya riƙe da tukunya na kasa motsi. Warin ya mayar da ni wani wuri mai nisa inda ƙasa da kanta take irin wannan wari, ina yarinya, ina tafe kusa da kakata.

A shekarun tamanin muna zaune a Lanham, wani gari kusa da Washington, a wani gidan bene na haya. Babana injiniyan ruwa ne, kullum da safe yana bin jirgin ƙasa zuwa ofis a Washington. Da Umma ta haifi ƙanena, sai aka ɗauko mahaifiyarta daga Zariya ta zo ta yi mata wankan jego. Ta sauka da busasshen ganyen darbejiya a ƙullin zani, da kanwa, da butarta da ba ta rabuwa da ita. Safe da yamma manyan tukwane suna kan murhun lantarki, tururi ya cika gida har na'urar gargaɗin gobara ta riƙa ihu, Baba yana kaɗa mata tawul ta yi shiru. Kaka ba ta da ma'aunin zafi sai hannunta. Takan tsoma shi cikin ruwan da ni ko kusa ba na iya zuwa, ta ce da saura. Ta yarda da hannun nan nata ƙwarai.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara. Sai dai takwarar ba ta taɓa ce mata uffan da Hausa ba. Ina ji sarai, ba abin da ke wuce ni, amma bakin ya ƙi. Tun ranar da na gaida wasu baƙi a falo harshena ya karkace, suka kwashe da dariya har wata ta ce in sake faɗa, na kulle Hausata na ajiye. Kaka takan tsokane ni, wai ko an sayar da harshena an sayi burodi ne, ni kuwa in yi murmushi in amsa da Turanci. Wata rana na ji tana gaya wa Umma a kicin, ƙasa-ƙasa, cewa ita jirgin sama bai dame ta ba. Abin da ke damunta shi ne ta koma gida a tambaye ta me takwararta ta ce, ta rasa abin faɗa. Tafiyarta kuwa ta kusa. Maganar ta tsaya mini a rai, na so in yi magana, na kasa.

Kafin ta tafi, Baba ya ce sai surukarsa ta ga wani abu a ƙasar nan ban da bahon wanka. Ya ɗauki hutu a lokacin zafi, muka cika tsohuwar motarmu da dambun nama da kuloli, muka nausa yamma kwana da kwanaki, ta cikin gonakin masara da ba su da iyaka, har Yellowstone, wani katafaren gandun daji mai maɓuɓɓugan ruwan zafi. Ka san kunyar suruka. Baba ba ya haɗa ido da Kaka, ba ya cin abinci a gabanta. Tana kujerar baya, amma sai ya ce da Umma, "Ki tambayi Hajiya ko sanyin motar ya yi yawa." Ita ma ta bi ta hanyar Umma ta amsa. Saboda haka duk bayanin ruwan da za mu je gani, ni ya yi wa, da Turanci, yana tuƙi yana zana shi da hannu ɗaya a iska.

Mun zauna cikin taron jama'a muna kallon wani farin tudu da ke fitar da tururi kaɗan-kaɗan. Kaka har ta fara gyangyaɗi. Sai ruwa ya yi tsalle ya koma, ya sake tsalle, sannan ya tashi da ruri ya miƙe sama, ya wuce tsayin kowane bene na unguwarmu, fari fat. Turawa suna tafi, Kaka tana salati. Da ya lafa ta juyo ta ce, "Wa ke hura wutar?" Umma ba ta sani ba. Baba ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ni na sani, na yi shiru.

Daga nan muka bi wata hanya ta katako da aka shimfiɗa a kan ƙasar, tsakanin tafkuna masu tururi. Na ji Baba ya ce da Umma ta gaya wa Hajiya kada kowa ya sauka daga kan katako. A daidai lokacin jaririn ya callara kuka, Umma ta koma kan benci ta ba shi nono, saƙon ya mutu a nan. Baba ya yi gaba, don bai dace ya jera da surukarsa ba. Aka bar ni da Kaka.

Akwai wani tafki shuɗi, garau, ana ganin har ƙasansa, ba ya ko motsi. Azahar ta yi. Kaka ta dube shi ta ce ga ruwan alwala Allah ya ɗumama, masu jegon garin nan sun huta da neman itace. Allunan gargaɗi suna nan birjik, amma da Turanci. Ta tuɓe takalmi, ta gyara ɗaurin zani, ta ɗauki buta. Na kama mayafinta ina cewa a'a da Turanci. Ta yi dariya ta zare hannuna.

"Ni za a gaya wa ruwan zafi, takwara?"

Ta sauke ƙafa ɗaya daga kan katakon. Ban san lokacin da abin ya fito ba.

"Ke Kaka! Tsaya! Ƙasa babu ƙarfi! Wuta yana ƙarƙashi, za ki faɗa ki dahu!"

A gidanmu ba a ce wa babba "ke" da tsawa haka. Ta daskare, ta dube ni, ta janye ƙafar a hankali. Inda diddigenta ya taɓa, farin ɓawon ƙasar ya tsage, ruwa ya tsattsafo yana tururi. Na fashe da kuka. Baba ya iso da gudu, ya ga sawun, ya durƙusa a kan katakon. Ranar ce na fara jin ya yi mata magana kai tsaye: "Hajiya, a gafarce ni."

Ba ta ma saurare shi ba. Ta ja ni zuwa benci ta goge mini fuska da gefen mayafi, ta ce, "To, tunda bakin ya buɗe, wa ke hura wutar?"

Na faɗa mata da guntuwar Hausata. Na ce can ƙasa akwai dutsen da zafi ya narkar, yana gasa duwatsun da ke samansa. Ruwan sama da na ƙanƙara suna bin tsaga suna sauka har su tarar da duwatsun nan. Hanyar da za su dawo sama siririya ce, ruwan da ke sama ya danne na ƙasa da nauyinsa, na ƙasa ya yi zafi fiye da tafasa amma ba shi da damar tafasa. Na rasa kalma, na nuna da hannu, ta ce, "Tururi." Na ce to, idan tururi ya tura ruwa kaɗan ya zube a baki, nauyi ya ragu, sai na ƙasa ya tafasa gaba ɗaya ya yi sama. Shuɗin tafkin kuma bakinsa a buɗe yake, zafin yana fita a hankali, shi ya sa yake kwance, amma zai iya dafa mutum. Ta gyaɗa kai ta ce ashe tukunya ce aka danne murfinta da dutse. Ko sau ɗaya ba ta yi mini dariya ba. A hanyar dawowa ba mu bar kowa ya yi barci a motar ba don surutu.

Da sanyi ya gabato, ganyen itatuwa ya fara ja, ta koma Zariya. Gidansu babu waya, zuwa gida kuma ba abu ne mai sauƙi ba a lokacin. Ban sake ganinta ba.

Yanzu ina zaune a Gaithersburg, ba nisa da Lanham, na yi furfura. 'Ya'yana suna ganin dangi a waya duk lokacin da suka so, fuska da fuska, su ɗaga hannu su ce "hi" su miƙo mini wayar. Hanya ta buɗe, magana ta ragu. Nakan yi tunanin wannan, in kuma tuna zuwana Zariya na farko, ina budurwa, bayan Kaka ta rasu. Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta riƙe hannuna ta ce ai duk unguwa sun san labarin ruwan da ke tashi sama, Hajiya ta ba da shi a gidan suna da gidan biki har sun haddace. Ta faɗa mini shi daga farko har ƙarshe, da karkatacciyar Hausata ta yarinta, ba a gyara ko kalma ɗaya ba. Na tambaye ta me ya sa suke faɗarsa haka.

Ta ce, "Mun so mu gyara, ta hana. Ta ce haka takwararta ta faɗa mata da bakinta."