Fulotinmu ni da Anti Binta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti Binta ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsakar gidanmu a Babura ina wanki, na ɗauki waya in duba lokaci, sai na ga hotonta a status ɗin wata malama da muke aiki tare. Na zaci murnar wani abu ake taya ta. Sai da na karanta rubutun da ke ƙasa.

Duk da haka na kira lambarta. Ta yi ta ƙara, ba wanda ya ɗaga.

Da yawanku ba ku san ta ba. Malama ce a firamaren da nake koyarwa a Roni, ta kusa ritaya lokacin da aka kai ni can. A lokacin ban daɗe da fita takaba ba. Maigidana ya yi doguwar jinya kafin Allah ya karɓi abinsa, jinyar kuma ta bar ni da bashi: na banki da ake cira a albashi, na mai kemis, da na 'yan'uwa da ba sa tambaya amma ina jin nauyinsu. Yarana suna wurin Inna a Babura. Ni kuma na kama ɗaki ɗaya a Kazaure, kullum in hau mota zuwa Roni, in dawo in rufe ƙofa. Wani yinin in ban da 'yan aji, ba wanda nake magana da shi.

Ita ta fara lura ba na cin komai lokacin tara. Ba ta tambaye ni ba. Sai ta riƙa zuwa da kula cike da ɗanwake ko shinkafa da wake, ta ce wai hannunta ne ya zarce, in taimaka mata kar ya lalace. Hannun nan nata ya yi ta zarcewa har ƙarshen zango.

Wata rana wani dillali ya zo makaranta yana tallan fulotai. Abin ya shiga raina sosai. Na gaji da zama ba ni da komai a duniya sai akwati da katifa, ina so yaran nan su tashi da abin da za su nuna su ce na uwarsu ne. Na yanke shawarar in koma banki su ƙara min wani rancen a kan na da. Na faɗa wa Anti ina murna, na ɗauka za ta yaba.

Ta dube ni ta ce, "Zainabu, fili ba ya ciyar da yara. Ki ci bashi a kan bashi ki sayi ƙasa, ranar da kika matsu rabin kuɗi za ki sayar da ita."

Na ji haushi, har na yi kwanaki ina kauce mata. Ita ta biyo ni aji bayan an tashi, ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata duk wanda yake bi na. Ranar ce na fara furta abin da bakina a gaban wani mutum. Na yi kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta ce na banki zan fara kashewa tunda shi ne mai hauhawa, mai kemis kuma in je in same shi mu yi magana maimakon in riƙa canja hanya.

Bayan 'yan watanni ta ce in raka ta unguwa. Muka hau adaidaita har bayan garin Kazaure, ta wajen hanyar Roni, ta nuna min wani fuloti a gindin dutse. Duk tsakuwa ne, shi ya sa yake da araha. Ba ta yi gaggawa ba. Ta je wurin mai unguwa, ta tambayi maƙwabta, ta nemi duk magadan da ke da haƙƙi a wurin ta ji daga bakinsu. Da aka yi ruwa mai ƙarfi ta sa muka koma, wai mu ga inda ruwa yake bi.

Shanunta biyu da ke wurin wani makiyayi a Gwiwa ta sayar ta biya. Ranar rubuta takardar ciniki, a gaban shaidu, na ji ta ce a sa sunanta da nawa. Na taɓa ta na ce Anti ni fa ko sisi ban bayar ba. Ta ce in yi shiru. A hanya ta ce rabi nawa ne, in gama da banki tukuna, sannan in fara biyan ta yadda ya sawwaƙa.

An yi mana dariya a makaranta, wai mata biyu sun haɗa kuɗi sun sayi duwatsu. Ita ko a jikinta. Lissafinta shi ne shago a gaba, ɗakunan haya biyu a baya, kuɗin haya mu raba. Duk wata in an yi albashi sai mu buga bulo kaɗan mu jera. Wani watan ba ma iya komai, sai dai mu je mu tsaya mu kalli wurin mu dawo.

Allah ya taimake ni na gama da banki. Ita na fara kira. Ta yi guɗa a waya har na ji jikokinta suna tambayar me ya faru.

Daga nan ta yi ritaya, ciwon suga ya sa ta a gaba, ƙafafunta suka fara kumbura. Kujerarta a ofishin malamai wani ya gaje ta. Na koma cin abincina ni kaɗai a aji.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ana gobe za a ba da hutu. Na je gaishe ta, ta nace sai na kai ta ta ga gini. Da ƙyar ta shiga adaidaita. Ginin ya kai taga. Ta zauna a kan bulo tana haki, tana ta kallon bango, tana faɗa wa magini ya faɗaɗa ƙofar shago. Na miƙa mata kuɗin watan da na saba ba ta, ta mayar min da su cikin jaka da hannunta.

Ta ce, "Sayi siminti kafin ya ƙara tashi. Nawa zai jira. Ni dai burina in ga an rufa kwano."

Na ce in sha Allahu kafin damina mai zuwa. Ta yi murmushi.

Abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu shi ne: kowa ya ɗauka tare muka biya fulotin nan, har 'ya'yanta. Ba haka ba ne. Ita ta biya duka, kuma har yau ban gama biyan ta rabona ba. Daga ni sai ita muka sani, yanzu saura ni kaɗai. Ina so ku zama shaida cewa magadan Anti Binta suna bi na, kuma rabin wurin nasu ne. In an share makoki zan zauna da babban ɗanta in faɗa masa abin da ya rage.

Yanzu ina tasha ina jiran motar Kazaure, inda gidanta yake, ta cika. An ce an riga an kai ta. Zan shiga gidan nan cike da mata, kuma wadda na saba zama kusa da ita ba ta ciki.

Ya Allah, Anti Binta ta rufa min asiri lokacin da ba ni da kowa, ka rufa mata nata. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka gina mata gida a Aljannar Firdausi. Ka ba 'ya'yanta haƙuri, ni kuma ka ba ni ikon sauke haƙƙinsu kafin tawa ta zo.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi mata addu'a ba. Sunanta Binta. Ku ambace ta a sujadarku ta yau.