Hannun da matuƙin bai ɗaga mini ba

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, a wani ƙauye cikin mazaɓar Fulatan, kuma kaf unguwarmu ba a yi mai baki irina ba. Idan na ga ɓera sai ya zama gafiya kafin in kai gida, idan gafiya ce kuwa sai ta kusa kai akuya. Kakata takan ce ko gishirin kasuwar Rogo ya ƙare ba za a yi lami ba muddin ina raye. Dariya ake yi, ni kuma dariyar nake nema. Ban taɓa zaton bakina zai taɓa mamaci ba.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar gyaɗa ne, na ɗauki fura zan kai wa Baba gona. Sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu ya taso daga wajen Ƙaraye. Ina kallonsa ƙararsa ta sauya, kamar injin niƙa idan bel ya tsinke. Wani abu ya fice daga jelarsa yana ƙyalli ya faɗa gonar maƙwabcinmu, jirgin ya kama juyi, ya rikito can cikin dawa. Mutum ɗaya ne a ciki, kuma kafin maza su isa rai ya yi halinsa. Iyakar abin da na gani ke nan, bai kai tsawon shan ludayin fura uku ba.

Da la'asar mata suka cika gidanmu, aka sa ni a tsakiya. Na faɗi gaskiya, sai na ga ta yi gajarta, idanu kuma suna jiran ƙari. Nan na buɗe buhun gishiri. Na ce matuƙin sauko da jirgin ya yi har ina ganin haƙoransa, ya ɗago mini hannu, ya riƙa kai sura kamar shaho yana juyi don ya burge 'yan mata. Wata ta ce ai dama 'yan birni ba sa jin magana. Kafin gari ya waye labarina ya riga ni zuwa rijiya.

Bayan kwana biyu masu bincike suka zo, maza biyu da wata mata. A zauren mai unguwa matar ta bayyana cewa irin waɗannan ƙananan jirage sau da yawa ba su da na'urar da ke naɗar abin da ya faru, don haka da tarkace da bakin shaidu suke aiki. Mutum kusan goma suka ba da shaida iri ɗaya, ba ta san duk daga bakina suka ɗebo ba. Da aka kira ni, kunyar warware magana a gaban manya ta hana ni, na maimaita har da ƙarin haƙora. Ina kallo ta rubuta.

Sati uku bayan haka mahaifiyar matuƙin ta zo ganin inda ɗanta ya cika, da yi wa waɗanda suka suturta shi godiya. Gidanmu aka kawo ta ta yi alwala. Da aka nuna mata ni, sai ta kama hannuna ta zaunar da ni a gefen tabarmarta, tana ce mini jikalle. Ta ce a can garinsu ana ta faɗin wasa ne ya kashe shi, har matarsa ta daina barin yaransa zuwa makaranta saboda gori. Ta ce abin ya ɗaure mata kai, domin yaro ne da ko keke ba ya hawa sai ya matsa taya. Sannan ta tambaye ni a hankali ko da gaske ya yi murmushi, ta ce in haka ne ko ba komai ya tafi yana fara'a. Na gyaɗa kai. Ta sa mini albarka, ta ɗaura mini ɗankwalina da ya zame. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Motarsu na tashi na sami Baba a bakin rumbu na faɗa masa komai. Na zaci zai karyo tsumagiya. Sai ya ce in sa takalmi, mu je wurin mai unguwa. Aka kira matar nan mai bincike a waya, ta dawo. Na nuna mata gonar da abin nan mai ƙyalli ya faɗa, muka yi ta ɗaga harawa har muka sami wani guntun ƙarfe a cikin kunyar gyaɗa, nesa da inda jirgin ya faɗi. Ta nuna mini bakin karayar, ta ce da alama tsohuwar tsaga ce ta daɗe tana ci a ɓoye, kuma idan farfelar jela ta tsaya dole jirgi ya yi ta juyi, ko waye a ciki. Ta ce sai an auna kafin a yanke magana, amma da ban nuna wurin ba, da binciken bai nufi nan ba.

Ni na roƙa a haɗa ni da tsohuwar a waya. Ina kuka na ce mata bai ɗago hannu ba, bai yi murmushi ba, ban ma ga fuskarsa ba. Sai ta ce na ƙwace mata murmushin da take kwana da shi, amma na mayar wa jikokinta da uba, kuma ta yafe.

Har yanzu ina ba da labarin da ke sa mutane riƙe ciki, hali zanen dutse. Amma 'yan'uwana masu zaƙin baki, idan rai ya salwanta aka tambaye ku me kuka gani, ku faɗi iyakarsa ko da kalma biyar ce. Mamaci ba ya tashi ya ce ƙarya ne, kuma akwai wata tsohuwa a wani gari da za ta gaskata ku.