Jitar da ta Girmi Ango

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga ƙwaƙwalwa, ba na jin zai iya kwashe lamarin jitar nan da ta kusa hana 'yar ƙanena aure. Na yi aikin ajiyar takardu a ofis har na yi ritaya, na ga shirme iri-iri an buga masa hatimi, amma ban taɓa ganin yadda ake wulaƙanta hujja ba sai a zauren gidanmu na Haɗeja, a hannun 'yan'uwana na jini.

Yarinyar marainiya ce, mahaifinta ya rasu tana firamare, saboda haka babban wanmu shi ne waliyyinta. Da ta kammala karatu sai wani malamin gona daga wani ƙauye da ke cikin fadama, ta wajen Guri, ya fito neman aurenta. Ya bi hanya, ya turo magabatansa, ita kuma ba ta ɓoye cewa shi take so ba. Abin da ya rage shi ne bincike, kamar yadda aka saba kafin a karɓi maganar kowa. Yaya ya ɗora wannan aiki a kan wani ɗan baffanmu, mutumin da yake ganin idan ya je bincike ya dawo bai samo aibu ba, to ya yi asarar man babur.

A daminar shekarar kogi ya cika ya fasa jinga, ruwa ya shiga ƙauyen su yaron. Mai bincikenmu ya isa ne bayan ruwan ya janye, lokacin da kowane gida ya fito da kayansa ya shanya a rana: katifu, tabarmi, buhunan shinkafa, littattafai. Sirrin kowa yana shimfiɗe a bakin hanya. A nan ya hango wata jita a jingine da akwatin ƙarfe a ƙofar gidan su yaron. Liman ya shaida masa cewa yaron ba ya wasa da salla, maƙwabta sun yabi halinsa, manoma sun ce har gona yake bin su. Amma duk waɗannan maganganu ne kawai, ba sa ƙyalli a rana.

"Yaya, an gama," in ji shi da ya dawo zaurenmu, tun kafin ya cire takalmi. "Makaɗi ne."

Na ce, "Ka gan shi yana kaɗawa?"

"Na ga jitar da idona, tana sheƙi kamar yau aka ɓare ta daga leda. Kai Akawu, sai an kawo maka shi yana rawa sannan za ka yarda?"

Akawu suke kirana a gida, kuma ba don girmamawa ba.

Aka aika wa yaron, ya zo ya durƙusa. Ya ce jitar ta mahaifinsa ce marigayi, malamin makaranta, wanda ya saye ta tun yana kwalejin horon malamai. Bayan rasuwarsa mahaifiyarsa ta naɗe ta a zane ta rufe a akwati, ambaliya ce ta sa aka fito da ita. Shi kansa bai san yadda ake riƙe ta ba. Yaya ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci irin na masana, ya ce tsohon abu ba ya ƙyalli. Amma ya ƙara da wata magana a gaban kowa: idan ta tabbata cewa jitar tsohuwa ce, ba yaron ne ya saye ta ba, to za a sake magana.

Washegari da safe yarinyar ta same ni a gida, idanunta a kumbure. "Baffa, kai ne ka san kan irin waɗannan abubuwa. Don Allah kada ka bari a kashe maganar nan a kan ƙarya." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, domin duk abin da aka ƙera a masana'anta yana ɗauke da lamba, ita kuwa lamba ba ta da ɗan'uwa balle ta yi son kai.

Na hau babur har inda hanya ta ƙare, na shiga kwalekwale na ƙarasa. Mahaifiyar yaron ta fito mini da jitar da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri. Jikinta na sheƙi, gaskiyar mai bincike, domin abin da ya yi shekara da shekaru a naɗe ba shi da dalilin dusashewa. Amma wayoyinta sun yi tsatsa har ba a iya taɓa su, abin da idon ɗan baffanmu bai kai gare shi ba. Ta ramin da ke tsakiyarta na hango wata takarda a manne, ta yi jaja-jaja, ɗauke da sunan kamfanin da ƙasar da aka ƙera ta. Lambar ita kuma tana can ciki, an buga ta a jikin katakon da ya haɗa wuya da gangar jiki. Sai da na ari madubin tsohuwar na zura, na haska da tocila, sannan na karanta ta a juye, na maimaita har na tabbata ban sauya ko ɗaya ba.

Ina cikin wannan aiki take ba ni labarin mijinta. "Ko a gabana bai cika kaɗawa ba, sai ya rufe ɗaki. Waƙa kuwa, Allah ya jiƙansa, gara kiɗan." Ta yi dariya, ta kuma goge ido da gefen mayafi.

Waya ba ta kamawa a cikin ƙauyen, sai da na hau kan jinga na samu na buɗe shafin kamfanin na intanet. A nan suka bayyana yadda ake karanta lambobinsu na wancan zamani: ta farko tana nuna lambar ƙarshe ta shekara, biyu na biye wata ne, biyu na gaba rana, saura kuma jerin abin da aka ƙera a ranar. Matsalar ita ce lissafin yana maimaita kansa duk bayan shekara goma, saboda haka lambar ita kaɗai ba ta isa ba. Wani da ya tsaya a nan ya zaɓi shekarar da ta yi masa daɗi. Ni ban tsaya ba. Na bi bayanin takardar da ke ciki, na tarar cewa irin wannan takarda da irin wannan rubutu kamfanin ya daina amfani da su tun da ya mayar da ƙera irin wannan jita wata ƙasa. Da aka haɗa lamba da takarda, shekara ɗaya ce kawai ta rage, a cikin shekarun saba'in. Lokacin da aka ƙera jitar nan, iyayen yaron ma ba su haɗu ba.

Na dawo Haɗeja da irin natsuwar mutumin da ya yi imani cewa gaskiya tana da daraja a zauren gidansu. Bayan la'asar muka zauna. Na yi bayani daki-daki, daga madubi har zuwa takarda. Kowa ya kasa kunne, har na fara jin daɗin yadda ilmi ke ratsa zukata.

Yaya ya gyara zama. "Akawu, kana nufin ta girmi yaron?"

"Nesa ba kusa ba, Yaya."

"Ka tabbata? Babu kokwanto?"

"Ko a gaban alƙali zan maimaita."

Sai ya juya ga ɗan baffanmu ya girgiza kai. "To ka ji. Mu muna zaton shashancin ƙuruciya ne, irin wanda aure ke magani. Ashe gado ne. Kiɗa a jininsu yake. Yaushe gidan nan ya fara haɗa zuri'a da gidan makaɗa?"

Ɗan baffanmu ya ɗaga hannu sama. "Allah ya saka wa Akawu da alheri. Da ba don wannan bincike nasa ba, da mun tafka kuskure."

An zage ni a rayuwa ba sau ɗaya ba, amma babu zagin da ya taɓa ƙona mini rai kamar wannan godiya. Na tunatar da su cewa mahaifin yaron malami ne da ya koyar da rabin ƙauyensu karatu, kakansa masunci ne, babu wanda ya taɓa ganin wani daga gidan a bakin biki yana roƙo. Na ce ko da ma makaɗan ne, ina aka rubuta cewa ba a aurensu? Na ce, "Yaya, da bakinka ka faɗa cewa idan tsohuwa ce za a sake magana."

Ya ce, "Ai ga shi ana sakewa."

Ka ga adalci. Da sabuwa ce, yaro makaɗi ne. Da ta zama tsohuwa, ɗan makaɗi ne. Ƙofa biyu aka buɗe masa, kowace kuma cikin rami ɗaya take faɗawa, ni kuwa aka bar ni na tsallaka ruwa don in gano wadda ta fi dacewa ya bi.

Labari ya kai wa yaron. Ranar Asabar da hantsi ya iso a kan babur, jitar a ɗaure a bayansa cikin zanen mahaifiyarsa. Ya gaishe mu a zaure, ya kwance ta ya ajiye a ƙasa.

Ya dubi Yaya ya ce, "Baba, idan babu ita, akwai sauran magana?"

Yaya ya kawar da kai. "Mu dai ba mu ce ka yi komai ba."

Na miƙe zan riƙe shi, amma ya riga ni. Ya ɗora ƙafa a tsakiyarta ya danna. Ta yi wata ƙara, wayoyin suka tsinke, katakon ya rufta. Ya tsaya yana kallonta. Ita kaɗai ce abin da ya rage masa wanda hannun mahaifinsa ya taɓa.

"Masha Allah," in ji ɗan baffanmu. "Yaro mai hankali."

A wannan zama aka karɓi maganar, aka sa rana. Jinin da aka ce kiɗa ya ratsa shi tun daga uba, sai ga shi an tace shi tas da taku ɗaya. Ban sani ba ko likitoci sun sami labarin wannan magani.

An ɗaura aure, kuma har yau suna zaune lafiya da 'ya'yansu. Yaya yakan faɗa a taro cewa shi ya zaɓa wa yarinyar miji na gari, ɗan baffanmu kuma yana gyaɗa kai. Mahaifiyar angon ta zo biki, ta gaishe da kowa yadda ya kamata, amma ba ta ci abincin gidanmu ba, kuma ba ta sake taka ƙofarmu ba har ta koma ga Allah. Ban ga laifinta ba.

Abin da na koya kuwa, ina aiki da shi har gobe. Duk wanda ya zo ya ce in bincika masa wani abu, kafin in ɗaga ƙafa sai na tambaye shi: idan amsar ta zo haka, me za ka yi? Idan ta zo akasin haka fa? Idan ya ba ni amsa biyu mabambanta, zan tafi ko da ruwa ya kai wuya. Idan kuwa na ji hukuncin ɗaya ne ta kowace fuska, to na gane ba gaskiya yake nema ba. Ya riga ya gama shari'arsa, mai sa hannu kawai yake nema, ni kuma na daina ba da aron hannuna.