Zogalen da Na Shanya a Rana

Ranar wata Alhamis ce, bayan an gama yankan hatsi, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Kwana goma sha biyu ke nan da Inna ta haifi ƙanena, amma ko bakin randa za ta sai ta dafa bango, nono kuma ya ƙi zuwa sosai. Ungozoma ta ce jininta ya yi ƙasa, a dage da ba ta ganye. Sai kakata Hajjo ta tsige zogalen bayan gidanmu kaf, ta baza shi a tabarmi uku cikin ɗakin harawa, ta ja ƙyaure ta bar 'yar kafar iska. Ta ce in riƙa juya shi safe da yamma, sannan ta hau amalanke zuwa gaisuwar mutuwa a Korahane.

Ni kuwa tun ina 'yar mitsitsiya ban iya ganin abu in ƙyale shi ba. Kuɓewa a rana ake shanya ta, tumatir a rana, barkono a rana. To me zogale ya fi su da shi har za a ba shi ɗaki? A inuwa sai ya kwana huɗu bai bushe ba, ga Inna kwance tana jira. Na ga kamar na gano abin da ya shige wa manya duhu. Na taka turmi, na ɗora tabarma biyu a kan rufin kwanon zaure, na tafi carafke da ƙawayena. Kafin la'asar ganye ya bushe ƙayau. Don in cika gwaninta, washegari na sake mayar da shi kan rufin.

Da Hajjo ta dawo, ni na ja ta da hannu na nuna mata aikina. Ta damƙi ganyen ta murza, ta sunsuna. Na jira tsumagiya, ba ta zo ba. Ruwa ta tafasa, ta sauke, ta jira har ya huce yadda yatsa zai iya shiga, sannan ta jiƙa na inuwa a ƙoƙo ɗaya, nawa a ɗaya, ta rufe su da faifai. Da ta buɗe, na inuwa kore shar, da ƙamshi da ɗan ɗaci mai kama harshe. Nawa kuwa kamar an wanke harawa a ciki.

"Kin gani, rana ta riga uwarki sha," in ji ta. "Wuta ma haka take, shi ya sa ba ni barin shi yana tafasa bisa murhu."

Ko a lokacin bakina bai mutu ba. Na ce mene ne abin da ranar ta sha, kuma ina ta kai shi? Ta ce, "Ban san sunanshi ba, ɗiyata. Na dai san in babu shi."

Tabarma ɗaya ba za ta kai Inna ko'ina ba, itacen kuma ya zama sanda, sai an jira ya sake toho. Hajjo, wadda duk unguwa wurinta ake zuwa neman garin ganye, ita ce ta ɗauki ƙwarya ta bi gida gida. Ina biye da ita, ina jin tana cewa, "Tsufa ne, na mance shi a rana." Mata suka yi ta dariya suna zuba mata. Kunya ta kama ni har wuya, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Kafin arba'in Inna ta miƙe, ƙanena ya yi kumatu, ita kuwa Hajjo tsokanar ta bi ta shekara da shekaru.

Yanzu 'yata tana karatu a jami'a a Maradi. Ta ce suna shanya ganye a rana da inuwa da cikin na'ura, su jiƙa shi ta hanyoyi iri iri, su auna sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa, su ga wanne ya fi rage su. Na sa ta faɗa mini sunayensu har sau uku, don shekara talatin da wani abu ina jiran amsar nan. A kasuwa kuwa garin zogale a leda ake saye, ba mai tambayar inda aka shanya shi. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai. Ta rasu unguwa na yi mata kallon wadda ta mance ganye a rana, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba.