Iskar Baffa Ɗantala

Kafin shagunan unguwarmu ta Kilomita Biyar su buɗe, Baffa Ɗantala mai faci ya riga ya jingina tsohuwar taya a bakin titi, ya cika daro da ruwa, ya ɗiga wa famfonsa mai. Mai keke ya zo, mai amalanke ya zo, kowa a ba shi iska. Mu da muke cewa abu ya bi iska in ya salwanta, ba mu cika lura da cewa da ita wannan bawan Allah ya ci da iyali ba. Har tsokanarsa muke yi, wai yana sayar da abin da Allah ya bayar kyauta. Sai ya ce to, mutum ya sa baki ya hura.

A 1996, da sojoji suka yi tawaye, harsashi ya sami yayata Mairo a cinya tana ɗibar ruwa a unguwar Kokoro. Babu mota ko ɗaya a titi. Mijinta Falalu ya kwantar da ita a amalanke zai kai ta asibiti, sai ga taya guda ta sace daidai wurin mai faci. Ɗantala ya duba ya ga Mairo ba za ta iya jiran faci ba, don jini ya riga ya jiƙa tabarmar. Ya buga iska, ya saɓa famfo a kafaɗa.

"Tura, Falalu. In ta sace, ina nan."

Har yau Falalu yana ba da labarin. Su ɗan taɓa tafiya taya ta kwanta, Ɗantala ya durƙusa a tsakiyar titi ya buga, ana ɓarin wuta ta wajen unguwar Miskine, jama'a duk sun kwanta a kwata. Ya miƙe, su ci gaba, ta sake kwantawa. Da suka isa asibiti sai da aka ɓamɓare yatsun Ɗantala daga jikin famfon.

Kai ne, Baffa, ka juya wa harsashi baya saboda matar da ba ku haɗa komai ba sai unguwa.

Bana ciwon baya ya tashe shi daga bakin titi. Mun gode, Baffa, singila mingi, kamar yadda ake godiya da yaren garin nan, Allah ya saka da Aljanna. Duk mai 'yar sana'a a hannu ya dube ka, kada ya noƙe ranar da aka neme shi. Mairo tana ɗingishi har yau, amma ita ta tuƙa tuwon rogon da na ci ɗazu da rana.