Fatalwa Mai Tari

Ranar wata Asabar, da kakar shekarar da na shiga aji huɗu, muna ɓarar gyaɗa a ƙofar gida sai ga wata tsohuwar bas ta tsaya, samari biyar suka sauko da kyamara ɗaya tal. Daga Kano suke, wai fim ɗin ban tsoro za su ɗauka a wani kango a Rurum Tsohon Gari, kuma wanda zai fito a fatalwa ya ƙi zuwa. Suna ganin Babanmu, dogo siriri ga zurfin ido, suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Baba mutum ne mai son raha, ya ajiye lauje ya bi su, mu ma muka watsar da gyaɗa muka rufa musu baya.

Kai, mun sha kallo! Toka suka shafa masa a fuska, suka naɗe shi da farin yadi, zoɓo ne jini, wani na ƙona kara don hayaƙi, wani na korar kajin mutane kada su gifta. Mun yi dariya har da hawaye. Inna ce kaɗai ba ta dara ba. Da muka kai mata labari sai ta saki muciya, Baba na shigowa ta tare shi: "Malam, likafani da ranka? Wannan ai kiran mutuwa ne!" Kwana uku ba ta kula shi ba. Damina na zagayowa ya kwanta da ciwon ƙirji, bai tashi ba. Tun daga nan ta ɗora wa fim ɗin alhaki. Sama da shekara ashirin ba mai ambatonsa a gabanta, alhali ba mu da hoton Baba ko ɗaya sai a cikinsa.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba a zamaninsa. Sai yanzu, don abin haushi, yaran da a lokacin ko haihuwarsu ba a yi ba suka tono shi, yana yawo a wayoyi daga Rano har Kibiya, sun haddace shi kaf. Abin da ke kashe su da dariya, ana tsaka da tsoro sai fatalwa ta tsaya ta yi ta tari, masu fim kuma ba su yanke ba.

Bara ɗiyar ƙanwata ta kunna shi a tsakar gida, ba ta ma san kakanta ne fatalwar ba. Inna ido ya tafi, amma kunne garau. Tana jin tarin ta daina jan carbi. "Maimaita min," ta ce. Sau uku ana maimaitawa, sannan ta ce, "Wannan ba wasa ba ne. Ashe tun lokacin yana ɗauke da shi, ni ina can ina fushi a kan yadi."

A da mu ke dariya, Baba na tsaye a gabanmu yana taya mu. Yau gari ke dariya, mu muna saurare, zuciya na ciwo. Har gobe Inna takan ce a kunna mata, wurin tarin kawai.