Ranar da Tolegen Ya Nuna da Haɓa

Shekara goma sha huɗu Tolegen ya yi yana gyaran injinan caca a wani gidan caca da ke bakin tafkin Kapshagai. Mutum ne siriri, mara yawan magana, kullum da tarin makullai a ƙugu. Ya san cikin injinan nan kamar yadda mahauci ya san cikin rago. Wani ɗan allo ne a ciki yake ta juya lambobi ba hutu, wadda ta faɗo daidai lokacin da ka danna, ita ce rabonka. Inji ba ya tuna wanda ya ci jiya, ba ya tausayin wanda ya faɗi yau. Duk wanda ya nemi dabara a wurinsa amsa ɗaya yake samu: "Bar kuɗinka a aljihu."

Yayansa Kuandik makiyayi ne a ƙauye, bai taɓa leƙa irin wurin ba sai bayan rasuwar matarsa Ulmeken. Gida ya yi masa faɗi, ya fara hawo mota wai ya zo ganin ƙane.

"Toke, wanne ne ya ƙoshi a cikinsu?" ya tambayi Tolegen da sunansa na gida, yana zare ido a kan injinan.

"Aga, ba tumaki ba ne. Ba sa ƙoshi," in ji Tolegen. Aga shi ne yaya a yarensu.

"Ji ɗan boko! Ni da na share maka majina, yau ni za ka yi wa karatu?"

Ƙane ba ya korar wansa. Ran nan da nacin ya ishe shi, Tolegen ya nuna wani inji mai hoton kankana da haɓa, ko dubawa bai yi ba. Nufinsa tsohon ya sha ƙasa sau ɗaya, ya koma wa tumakinsa. A dannawa ta uku injin ya ɓarke da kiɗa, fitilu suka hau walƙiya. Kuandik ya ci kuɗi, tenge dubu ɗari huɗu.

Tun daga ranar, rantsuwar Tolegen ta daina aiki. Tolegen har mataccen allon inji ya kai ƙauye, ya ajiye tsakanin kofunan shayi, ya yi bayani dalla-dalla. Kuandik ya kashe masa ido ɗaya. "Na gane, Toke. Bango da kunne."

A garken Kuandik akwai wani jan doki da ya keɓe yana kiwatawa, domin a yanka ranar cika shekara da rasuwar Ulmeken, dangi su taru su ci, a yi mata addu'a. Saura kwana biyar ya sayar da shi. Ya iso gidan cacar da hantsi, aljihu a kumbure.

"Dawaki biyu zan yanka mata, in kafa mata farin dutse a kabari. Nuna mini."

"Aga, don Allah mu je a karɓo dokin nan. Wallahi ban san komai ba."

"Rowa ce, ko kunyar iyayen gidanka?"

Tolegen ya juya ya kama aikinsa. Bai san ana bin sa da ido ba. Ya tsaya kusa da wani inji ya share gumin goshi, shi ke nan Kuandik ya ce ga ishara ta zo, ya ja kujera. Kafin la'asar babu doki, babu kuɗin doki.

Raguna biyu Tolegen ya iya saye a madadin dokin. Ranar sadaka tsofaffin mata suka dubi akushi, suka dubi juna, 'yan'uwan Ulmeken suka ci kaɗan suka janye hannu. Bayan addu'a Kuandik ya miƙe a gaban dattawa, ya nuna Tolegen.

"Shekara talatin tana dafa wa yaron nan abinci. Ya sani, ya hana ni."

Tolegen ya sunkuyar da kai, ba a mayar wa babba magana a gaban mutane. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yayansa ba ƙarya yake yi ba, har zuciya ya yarda.

Tolegen ya ajiye makullansa, ya bar aikin a wannan kakar. Yanzu injin wanki yake gyarawa a wani lungu na birnin Almati. Kowace Juma'a yana kiran ƙauye, wayar ta yi ta ƙara har ta yanke. In ka tambaye shi hanya, da baki zai kwatanta maka, hannuwansa a aljihu, kansa a sunkuye.